Ranar da Shitu Sharhi Ya Ji Kunya

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji a bakin tashar Rano ya san Shitu Sharhi. In bai riƙe fuskarsa ba, to ya riƙe muryarsa, don ba ka isa ka miƙa masa waya ka juya ba sai ya tambaye ka ko ka ji abin da ya faru jiya a Nepal. Kai kuwa daga Saji ka fito da buhun gyaɗarka, ba ka san Nepal gari ba ne ko sunan magani. Shi ina ruwansa. Zai zaunar da kai a benci ya yi maka bayani tiryan-tiryan, motarka ta cika ta tashi ta bar ka.

A Nariya aka haife shi, ta ƙasar Kibiya, gidan Fulanin da suka daɗe da jingine sanda suka kama fartanya, sai 'yan shanun da ba su taka kara sun karya ba. Tun yana yaro aka gane ba zai yi kiwo ba. A tura shi da maruƙa, sai ya saci rediyon babansa ya cusa a riga, ya sami gindin ɗorawa ya miƙe ƙafa, maruƙan su faɗa gonar mutane su yi ta ɓarna. Ya sha duka har masu dukan suka gaji. Da ya yi shekara biyu a sakandare ya ce malaman ba su san komai ba, ya watsar, ya taho Rano koyon gyaran rediyo. Bai gama iyawa ba waya ta zo ta kashe sana'ar. Sai ya sami ɗan janareta, ya jera soket a jikin katako, ya zama mai caji. Sunan sana'a ke nan. Abin da ake ci a gidansa daga hannun matarsa Lubabatu yake fitowa, wadda take tashi tun asuba tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, kuma kowa a unguwar ya sani.

Za ka ce me ya kai shi Asiya, mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba? Dabara ce. In ka ɗauko siyasar Kano, ɗan acaɓa ma zai ce maka ƙarya kake. In ka ɗauko Amurka ko ƙasashen Larabawa, kowane teburin mai shayi yana da gwaninsa. Amma Asiya fili ne fetal, babu mai ja da kai. Shitu ya kafa tutarsa a can. Ya haddace yadda mutanen Sri Lanka suka kutsa gidan shugaban ƙasarsu har suka yi iyo a kududdufin wankansa. Ya san yadda ɗaliban Bangaladesh suka fito kan rabon aikin gwamnati, har shugabarsu ta hau jirgi mai saukar ungulu ta tsere Indiya. Ya san yadda sojojin Sin da na Indiya suka dambace da sanduna a kan tsaunukan iyakarsu, da yadda aka kamo hannun wani dattijon jam'iyyar Sin aka fitar da shi daga babban taro duniya tana kallo. Wannan na ƙarshen har kwaikwayo yake yi, ya kama hannun duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi ya ja.

Abin da ya fi so shi ne zagin matasan gari.

“Ku dube ku!” in ji shi. “Ƙarti, kun zauna kuna musun ƙwallo. A can yara ƙanana, har da 'yan mata, su ne suke tsayawa gaban bindiga. Ku kuwa kansila ya yi tari sai ku watse. Tir! Wallahi da a can aka haife ni da kun ji labarina.”

Samarin su yi dariya su karɓi wayoyinsu su tafi. Babu wanda ya taɓa ɗaukar maganarsa da muhimmanci, sai mutum ɗaya, kuma wannan ɗin ce ta shiga uku.

Bara'atu ce, 'yarsa ta fari. Ita take kawo masa abincin rana in an tashi daga makaranta, ta zauna a ƙarshen benci tana jiran kwano, kunnenta yana kwasar komai. Yarinya ce mara hayaniya, mai kaifin kai, tana aji shida a makarantar 'yan mata da mutanen gari suka gina da gudummawarsu. Burinta ɗaya ne tun ranar da ta ga ƙanwar mamanta ta rasu wurin haihuwa: ta ci jarrabawar fita sakandare, ta tafi makarantar koyon aikin ungozoma. Lubabatu ta ƙona hannunta a kaskon suya shekara da shekaru don wannan jarrabawar. Bayan kaka za a yi wa 'yan aji shida rajista, kuma duk wadda makaranta ba ta yi wa ba, ita da jarrabawa sai dai ta ji labari.

A daidai lokacin ne jam'iyyar da take da ƙarfi a yankin ta rabe biyu kan kujerar shugabanci. Ɓangare ɗaya na Alhaji Ɗantala ne, dillalin hatsi, mai tumbi da tattausar murya, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin makarantar. Ɗaya ɓangaren na wani ɗan kwangila ne da ya dawo gida da sababbin motoci. Sai aka ga Malam Hussaini, malamin kimiyya tilo a makarantar, ya je sunan ɗan ɗan kwangilar ya ci waina. Shi ke nan laifinsa. Kwamiti ya zauna ya sallame shi, ba a kawo wani ba. 'Yan aji shida suka yi ta zama mako bayan mako suna kallon allo babu rubutu.

Shitu yana ɓangaren Alhaji, ba don aƙida ba. Alhaji yana neman wanda zai riƙa kaiwa gidan rediyo a Kano ya yi magana da yawunsa, irin waɗanda ake kira sojojin baka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa kunne a jikin rediyo, ka ce masa yau muryarsa ce za ta fito daga ciki? Ai ko barci ya daina yi sosai. Kullum da safe sai ya bi ta ƙofar Alhaji ya kwashi gaisuwa kafin ya buɗe rumfa.

Wata Talata da hantsi, yana tsakiyar bayanin yadda matasan Nepal suka cinna wa majalisarsu wuta don an rufe musu kafofin sada zumunta, sai ga tashar ta yi tsit. 'Yan mata ne cikin fararen hijabai, sun jero biyu-biyu a gefen titi, sun ɗaga yankakkun kwalaye da aka rubuta wa “A dawo mana da malaminmu.” Ba ihu, ba waƙa. Wani ɗan acaɓa ya leƙo rumfar yana washe baki.

“Sharhi, fito! Ga Bangaladesh ta zo Rano!”

Shitu ya miƙe da murna, ya leƙa, ya ga wadda take gaba: Bara'atu ce. Sai ga jarumin Asiya ya durƙusa bayan tebur wai janareta yana wani irin ƙara. Janaretan da lafiyarsa ƙalau. Bai ɗago ba sai da hijabi na ƙarshe ya sha kwana.

Yaran ƙofar gidan Alhaji Ɗantala suka je, suka zauna a ƙasa cikin rana har aka kira azahar, sannan suka tashi suka karkaɗe jiki kowa ta nufi gidansu. Ko tsinke ba su jefa ba. Amma wani ya ɗauke su a waya, mutanen ɗan kwangila suka samu, kafin la'asar hoton ya zaga Rano da Kibiya, an rubuta a ƙasa wai har yara mata sun gaji da Ɗantala. Washegari aka kori duk waɗanda suka fita, aka ce kowa ta zo da ubanta ranar Asabar.

Da magariba Bara'atu ta durƙusa a bakin tabarmarsa.

“Baba, yadda ka ce suna yi haka muka yi. Mun rubuta wa kwamiti ba su amsa ba, sannan muka fita. Ba mu zagi kowa ba.”

“Ke, can daban nan daban!” ya daka mata tsawa. “Su can suna da tsari. Ku wa ya tsara ku?”

Lubabatu ta ajiye ludayi. “Malam, a bar tsari. Ranar Asabar dai ka tashi ka tsaya mata. Abin da nake roƙonka ke nan.”

Ya ce wa ya gaya mata ba zai tsaya ba, shi da ya san yadda ake sasanta rikicin ƙasa da ƙasa.

Ana gobe taro Alhaji ya aiko kiransa. Ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi.

“Malam Shitu, kai ka san irin waɗannan abubuwa a duniya. Iyayen nan jahilai ne, za su ɗauka wasan yara ne. Ina so gobe ka wayar musu da kai, su gane akwai hannu a ciki. Zan kuma ji yadda bakinka yake a gaban taro, ka san maganarmu ta Kano tana nan.”

Bai ambaci Bara'atu ba, Shitu ma bai ambata ba. Ya fito yana jin kansa kamar jakada.

A nan sai na tsaya na faɗi wani abu don a yi wa mutumin adalci, ko da yake bai cancanta ba. Shitu bai taɓa kiran sunan Bara'atu ba tun da aka raɗa mata shi. 'Yar fari ce. “Ke” yake ce mata, in yana zancenta da wani ya ce “'yar Inna,” wato ta mahaifiyarsa da take Nariya. Wannan ba laifi ba ne, haka muka taso muka gani, balle a gidan da yake da jinin Fulani. Uba ba ya wasa da ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya shigar masa faɗa a gaban mutane. In magana ta taso sai ya sunkuyar da kai ya ce “naku ne.” Su kuma manya sun san abin da ake nufi. In uba ya yi kunya ya ce naku ne, sai su yi masa kara su ce to mun karɓa, mun yafe. Haka abin yake tafiya tsakanin mutanen da suka san mutunci.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyoyin makaranta. Iyaye maza a gaba, 'yan kwamiti a kan kujeru, yaran a tsaye a rana can gefe, iyaye mata kuma a bayan katanga suna leƙe. Alhaji ya yi magana a hankali. Ya ce shi uba ne, ba ya riƙe yaro a zuciya. Rajista mako mai zuwa ne. Duk uban da ya tashi ya faɗi sunan 'yarsa, ya ce ya tsaya mata ba za ta sake ba, ta koma aji ranar Litinin.

Aka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, manoma da 'yan tireda da wani mahauci. Da aka zo kan Kawu Saminu, wani dattijon makiyayi daga Zurgu, sai aka ga ya daɗe a tsaye yana murza sandarsa. Tasa ma ta fari ce. Gumi ya keto masa, ya kalli ƙasa, ya kalli sama, sannan ya runtse ido ya ce da ƙarfi, “Saudat! Tawa ce. Na tsaya mata.” Wuri ya ɗauki dariya, wani ya ce yau Kawu ya zubar da fulaku, kunyar nan ta Fulani. Ya zauna yana toshe fuska da rawani, amma an ce Saudat ta koma inuwa.

Sai Alhaji ya ce kafin a ci gaba, Malam Shitu masanin harkokin duniya zai yi wa jama'a ɗan bayani.

Wayyo, Shitu ya sami taro! Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya fara daga Jakarta. Ya bi ta Dhaka, ya leƙa Kolombo, ya hau tsaunukan Nepal ya sauko. Ya ce a tarihin duniya ɗalibi bai taɓa tashi shi kaɗai ba, kullum akwai ɓangaren jam'iyya da yake zuga shi, a bayan ɓangaren kuma akwai wata ƙasar waje. Mutumin da ya shekara yana cewa yaran can jarumai ne, yau ya mayar da su 'yan amshin shata. Shi a ransa ɗan kwangila yake nufi da Malam Hussaini. Yana kallon fuskar Alhaji, yana ganin ana gyaɗa kai, sai daɗi ya ɗebe shi.

“Kuma gwamnati mai hankali,” ya ɗaga yatsa, “ba ta hukunta taro. Jagora take nema. In ka cire jagora, sauran sai su kwanta. Haka ake yi a Sin!”

“Madalla,” in ji Alhaji. “Ka ji ilimi. To Malam Shitu, a nan wace ce jagorar?”

Babu wanda bai ga hoton ba. Shitu ya waiga, ga Bara'atu ta rage a rana tare da wasu biyu da iyayensu ba su kai ga tashi ba. Ba ta sunkuyar da kai ba, shi take kallo, kuma wallahi babu tsoro a idonta, don ta tabbata babanta zai tsaya mata.

Alhaji ya sassauta murya. “Ba komai. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Ka faɗi sunanta, ka ce ka tsaya mata, a wuce wurin.”

Kalma nawa ce? Amma Shitu ya tsaya lissafi. In ya ce ya tsaya mata, ya zama uban jagorar masu bore a gaban Alhaji, maganar Kano ta tafi. In ya ce bai tsaya ba, Lubabatu tana bayan katanga. Sai ya hango wata ƙofa, ya ga kamar Allah ne ya buɗe masa: kunya. Zai yi irin ta manya, Alhaji ya yi masa kara, ya tsira da 'yarsa ya tsira da rediyonsa, har a yaba masa da sanin ya kamata. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa, ya yi murya ƙasa-ƙasa kamar sabon ango a gidan surukai.

“Ranka ya daɗe, ka san ta fari ce. Bakina ba ya iya shiga maganarta. Taku ce. Duk abin da kuka yanke daidai ne.”

Kunya! Mutumin da yake cin tuwon ƙuli-ƙulin matarsa shekara ashirin bai ji kunya ba, yau ta sauko masa. Tsoro ne tsagwaronsa ya sa masa babbar riga.

Ya jira a ce an karɓa an yafe. Wani tsoho a cikin kwamitin har ya buɗe baki zai faɗa. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

“Jama'a kun ji. Ubanta ya ce tamu ce, kuma shi da kansa ya gaya mana yadda ake yi da jagora. Ba mu fi shi sani ba. Sauran biyun iyayensu su tashi. Wannan kuwa ta nemi wata makarantar.”

Daga bayan katanga aka ji wata mace ta ce “Innalillahi,” aka ji faɗuwar kwano.

Ya koma, ba zan ce bai koma ba. Ranar Lahadi ya je zauren Alhaji, wannan karon babu kujera babu lemo. Ya tsuguna a kan takalmansa ya ce, “Ranka ya daɗe, maganar Bara'atu ce.” Karon farko ke nan da sunan ya fita daga bakinsa, a zauren da babu kowa sai Alhaji da mai wankin mota. Alhaji ya ce haba Malam Shitu, magana ta fita gaban jama'a, in ya janye gobe wa zai ƙara jin tsoron kwamiti? Da ya lallaɓo zancen Kano kuwa, sai Alhaji ya yi dariya har tumbinsa yana rawa, ya ce ina shi ina ɗaukar kakaki daga gidan da aka shirya masa zanga-zanga.

Lubabatu ta sa mayafi ta zaga makarantun da take iya kaiwa, har Kibiya. Ko'ina an ga hoton, ko'ina sai a ce aji ya cika. Aka yi rajista aka rufe. Abin da ya fi ciwo, ba a yi wata guda ba manyan jam'iyya suka zo daga Kano suka sasanta Alhaji da ɗan kwangila, aka yanka sa, aka ci a faranti ɗaya ana ɗaukar hoto. Cikin sharuɗɗan sulhun har da mayar da Malam Hussaini bakin aikinsa. Ya dawo yana koya wa 'yan aji shida kimiyya, su Saudat suna rubutawa. Babu wanda ya tuna ya sa sunan wadda ta nemo musu shi a cikin sulhun.

Bara'atu ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta yi masa rashin kunya ba. Kullum da safe ta durƙusa ta gaishe shi, ta tashi. Abincin rana kuwa ƙanwarta ce ta koma kai masa. Da ta ga ba za ta iya jure ganin fararen hijabai suna wucewa ta ƙofar gida kowace safiya ba, sai ta roƙi mamanta a bar ta ta koma Nariya wurin kakarta. Lubabatu ta ɗaure mata kaya, ta zuba mata ƙuli-ƙuli a leda, ta ce ita ba za ta iya rakiya ba.

Shitu ne ya ɗauki jakar har tasha, yana gaba tana baya. 'Yan acaɓa da suka saba tsokanarsa duk suka kau da kai. Ya sa jakar a bayan motar Kibiya, ya tsaya yana shafa ƙeya, yana neman abin faɗa, shi da bai taɓa rasa magana ba. Direban baƙo ne, bai san kowa ba. Ya leƙo ta taga ya ga budurwa ita kaɗai, ya ce:

“Malam, 'yarka ce? In sauke ta a hannun wa?”

Shitu ya buɗe baki, amma ta riga shi.

“A'a, ya bayar da ni tun a makaranta,” in ji ta a hankali. “Ka sauke ni a mararrabar Nariya, na san hanya.”

Ta ja ƙofar ta rufe. Motar ta tashi, ya bi ta da ido har ta fita daga tasha. Wani ya taɓa kafaɗarsa ya ce ya zo karɓar wayarsa, tun ɗazu yake jira a rumfa.